Masu Karanta Zamani a Jikin Katantanwar Dutse

A ramin haƙar dutse na kamfanin siminti da ke Ashaka, cikin ƙaramar hukumar Funakaye ta jihar Gombe, akwai wasu mulmulallun duwatsu da ke fitowa tare da farin dutsen da ake niƙawa. Wasu ba su wuce cikin tafin hannu ba, wasu kuwa sai an sa hannu biyu. In aka goge ƙurar jikinsu sai a ga a naɗe suke, da rami a tsakiya, ga kuma wani siririn zane mai lanƙwashe-lanƙwashe yana maimaita kansa a kewaye. Mai wucewa zai ce katantanwa ce ta zama dutse. Amma akwai mutane 'yan kaɗan a duniya da za su ɗauki irin wannan dutse, su juya shi, su leƙa ramin tsakiyarsa, su shafa gefensa, su bi zanen da ido, sannan su ce: wannan halitta ta rayu kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce, cikin teku mai ɗumi marar zurfi, kuma shimfiɗar dutsen da ta fito daga ciki sa'a ce ga wata shimfiɗa a Sina'i ta Masar da wata a ƙasar Feru. Kafin a kai ga wata na'ura, ido da hannu sun riga sun yi rabin aikin.

Halittar sunanta amonait. Dangin da suka cika duwatsun Gombe da na Damargu a Nijar su ne waɗanda masana ke kira Vascoceratidae, kuma suna cikin mafiya wuyar karantawa. Shi ya sa gwanintar mai karatun ta fi fitowa fili a kansu.

Dabbar da gidanta

Amonait ba katantanwa ba ce. In ka fasa ɓawon katantanwa, rami ɗaya za ka tarar daga baki har ƙurya. Ɓawon amonait kuwa a rarrabe yake ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki da bangonsa. Dabbar, wadda 'yar'uwa ce ga halittun tekun nan masu hannuwa da yawa kewaye da baki, tana zaune ne a ɗakin ƙarshe kawai, wanda ya fi kowanne girma. Duk sa'ad da jiki ya ƙaru, sai ta tsawaita ɓawon ta wajen baki, ta matsa gaba, ta gina sabon bango a bayanta. Ɗakunan da ta bari ba a banza suke ba. Wani siririn bututu mai tsoka a ciki yana ratsa su duka, shi ke tsotse ruwan da ke sabon ɗaki, iska ta maye gurbinsa. Da haka nauyin dabba da na ɓawo ke daidaita da ruwan teku, ta tsaya a tsakiyar ruwa ba ta nutse ba, ba ta kuma sha wahalar iyo ba.

An fahimci wannan ne daga notilas, wata halitta mai irin wannan gini da har yau take raye a tekunan Filifin da Indunisiya da Fiji da arewacin Ostareliya. Sai dai gwani ba ya rikita su. A notilas bututun yana bi ta wajen tsakiyar bango, a kusan dukkan amonait kuwa yana manne da gefen waje. Bangon notilas a miƙe yake da ɗan lanƙwasa kaɗan, na amonait kuwa gefensa a tattare yake.

Amonait sun bayyana fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce, suka ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce tare da dainoso, lokacin da wani ƙaton dutse daga sararin samaniya ya faɗo a yankin Yukatan na Meziko. A tsawon wannan zama suna da halaye biyu da suka mai da su ma'aunin zamani. Siffarsu tana saurin sauyawa, wani nau'in ba ya cika shekara miliyan ɗaya kafin wani ya gaje shi. Kuma suna yaɗuwa nesa, tun da teku ba ta da shinge. Abin da ya yi gajeren zamani amma ya kai ko'ina, duk inda aka gan shi an san lokaci ɗaya ake magana.

Zanen da ke ɓoye

Babban abin da gwani ke fara nema shi ne zanen mahaɗa, wato layin da gefen kowane bango ya haɗu da ɓawon waje. Lokacin da dabbar ke raye ba mai ganinsa, yana ciki. Sai ta mutu, laka ta cika ɗakunan ta daskare, ɓawon ya narke ko ya ɓare, sannan layin ya fito a jikin dutsen da ya ɗauki siffar cikin ɓawo. Mafi yawan abin da ake tsinta a Gombe irin wannan ne: ɓawon kansa ya tafi, sawunsa ya rage.

Layin yana hawa yana sauka. Inda ya turo wajen bakin ɓawo shi ne tudu, inda ya koma baya shi ne kwari. A mafi tsufan amonait tudu da kwari duk sumul suke, babu haƙori. A zamanin da ya biyo baya, tsakanin shekara miliyan 250 zuwa 200 da suka wuce, dangin da suka mamaye teku tudunsu sumul ne amma gindin kwarinsu yana da ƙananan haƙora. Daga nan har ƙarshensu, tudu da kwari duka suka yayyanke, kowane reshe da 'ya'yansa, har zanen ya zama abin kallo. Dattijon da ya san aska, da ganin zanen fuska zai ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, har wani lokaci ya faɗi gidan da mutum ya fito. Haka mai karanta amonait yake da zanen mahaɗa: yawan kwaruruwa da jerinsu da zurfinsu suna gaya masa zamani, sannan dangi, wani lokaci har jinsi.

Kwafe wannan zane a takarda fasaha ce mai zaman kanta. Layin yana kewaye da jiki mai lanƙwasa, takarda kuwa a shimfiɗe take. Mai zanen yana farawa daga tsakiyar gefen waje, ya bi layin kaɗan-kaɗan zuwa cibiya, wato ramin tsakiya, yana juya dutsen a ƙarƙashin madubin ƙara girma domin kullum idonsa ya fuskanci wurin da yake zanawa kai tsaye. Ya sa kibiya da ke nuna wajen baki, ya rubuta girman naɗin a daidai wurin da ya kwafa. Wannan rubutu ba ado ba ne. Zanen yana ƙara yayyankewa yadda dabbar ke girma, don haka wanda ya gwada zanen ƙarama da na babba zai zaci jinsi biyu ne.

Akwai wani tarko kuma. Bangon a gefensa ne kawai yake tattare, can ciki kusan sumul yake. Idan ruwan rafi ko yashi ya goge dutsen ya cinye milimita biyu ko uku, zanen da zai rage zai fi na asali sauƙi nesa ba kusa ba. Ɗan koyo zai kwafe shi da murna. Gwani kuwa sai ya shafa dutsen tukuna, ya nemi wurin da bai gogu ba, galibi inda naɗin waje ya rufe na ciki, can zai ɗauki zanensa.

Tarko na uku ya kama manya a ƙarni na 19. A arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya da Amurka ta Kudu an sami amonait masu tudu sumul da kwari mai haƙora, daidai da salon tsohon zamanin nan, har aka jingina su ga wancan dangi. Daga baya aka gane cewa tsakaninsu akwai fiye da shekara miliyan 100, jikokin masu yayyankakken zane ne da suka koma ga sauƙi. Alpheus Hyatt na Amurka ya yi musu littafi guda, wanda ya fito a 1903. Wanda ya bi al'amarin har saiwarsa shi ne Bajamushe Otto Schindewolf, da ya yi shekaru yana ɓare ɓawo naɗi bayan naɗi har ya kai ɗakin farko, wanda bai kai milimita ɗaya ba, yana kwafe zanen kowane mataki. A can farkon rayuwa asali ba ya ɓuya: dangin tsohon zamanin da kwari huɗu suke farawa, mafi yawan na baya kuwa da biyar.

Me ya sa bangon ya tattare haka? Tun 1836 William Buckland na Ingila ya ce don ɓawo ya jure matsin ruwa ne. Wasu sun ce don riƙe jikin dabbar ne, wasu don sarrafa ruwan ɗakuna. Muhawarar tana nan har yau. Abin sha'awa shi ne karatun bai jira a warware ta ba.

Zanen yana faɗin wani abu kuma da ido ba zai zata ba. Idan amonait ta kusa gama girma, tafiyarta gaba tana raguwa, sai bangayen ƙarshe biyu ko uku su matsu kusa da juna. Da gwani ya ga wannan matsi ya san baliga ce a hannunsa, ko da ba ta fi santimita uku ba. Da wannan alama da makamantanta ne Henryk Makowski na Folan da John Callomon na Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa manya da ƙananan amonait da yawa da aka raba wa sunaye daban jinsi ɗaya ne, mace da namiji, kuma galibin masana suna ganin babbar ita ce macen.

Dangin da suka tuɓe adonsu

Paul Choffat ne ya fara bayyana Vascoceras a 1898 daga duwatsun Fotugal. A 1909 Bafaranshe René Chudeau ya bayyana amonait da ya samu a Damargu, arewa da Damagaram, cikinsu har da Vascoceras cauvini. A 1911 littafin J. D. Falconer kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Nijeriya ya fito, da ƙarin bayani daga Henry Woods na Kambirij a kan burbushin halittun da aka tara, ciki har da na kwarin Gongola. A shekarun 1950 Richard Reyment da W. Barber suka faɗaɗa aikin ƙarƙashin hukumar binciken duwatsu ta Nijeriya. Ta haka sunayen Gombe da Bauci da Gongila da Nijar suka shiga sunayen waɗannan halittu a littattafan duniya.

Wuyar dangin ta zo ne daga tarihinsu. Kakanninsu amonait ne masu cikakken ado: awazu masu ƙarfi a jikin ɓawo, da jerin ƙullutai daga cibiya har gefen waje, abubuwan da za a iya ƙirgawa a gwada. Jikokin kuwa suka riƙa zubar da wannan duka. Awazun suka dushe, ƙullutan suka ragu zuwa jeri ɗaya a bakin cibiya ko suka ɓace, gefen waje ya zama mulmulalle, zanen mahaɗa ya gajarce ya zama dagwalgwal. Baligar Vascoceras sau da yawa dutse ce sumul mai rami a tsakiya. Alamun da aka saba dogara da su sun tafi.

To, a nan gwani ke komawa ciki. Amonait ba ta yar da ƙuruciyarta, tana naɗe ta ne a tsakiya. Idan aka ɓare naɗin waje da ƙaramin kurfi, ko aka yanka dutsen biyu ta tsakiya aka goge fuskar yankan, rayuwar dabbar duka za ta bayyana daga ƙyanƙyasa zuwa mutuwa. Nigericeras, wanda Daniel Schneegans ya bayyana a 1943 daga Nijar, misali ne mai kyau. Naɗinsa na ciki yana ɗauke da awazu da jerin ƙullutai irin na kakanni, na waje kuwa ya yi sumul. Wanda ya dubi waje kaɗai zai haɗa shi da Vascoceras, wanda ya leƙa ciki zai ga daga inda ya fito. Haka Pseudotissotia nigeriensis, da ke cike a saman shimfiɗun Gombe: a gefensa na waje akwai doro uku a jere, sun fi fitowa a ƙuruciya, suna iya dushewa a tsufa.

Fasa kyakkyawan dutse domin a ga cikinsa yana bukatar ƙarfin zuciya da sanin inda za a ɗora kurfi. Tsabtace shi ma haka. Burbushin da dutsen da ya rufe shi duk farar ƙasa ce, don haka ruwan asid da zai ci ɗaya zai ci ɗayan. Sai allura da ƙaramin alƙalami mai bugu da iska, ana ɗauke dutse ƙwaya-ƙwaya, ana sauraren sauyin ƙara idan tsini ya kusa taɓa jikin amonait. In an gama za a ɗauki hoto, sai a turara masa farin hayaƙin wani sinadari ya rufe launin dutse, a haska fitila daga sama ta hannun hagu, domin duk wani tudu da ya kusa ɓacewa ya yi inuwa. Dokar haske daga hagu kowa ya yarda da ita, saboda mai duba hoton a wata ƙasa kada ya ga rami a matsayin tudu.

Sai awo. Abu huɗu ake aunawa: faɗin ɓawo duka, tsayin naɗin ƙarshe, kaurinsa, da faɗin cibiya. Ukun ƙarshe ana mai da su kaso cikin ɗari na na farkon, domin a iya gwada ƙarama da babba.

Yaushe bambanci yake bambanci?

Awon nan ne ya kai masana ga darasi mafi girma a wannan sana'a. Ɗauki Thomasites gongilensis, ko Vascoceras cauvini, ka tara ɗari daga shimfiɗa guda. Za ka sami sirara masu ƙaramar cibiya da jiki sumul, za ka sami masu ƙiba da buɗaɗɗiyar cibiya da manyan ƙullutai. In ka ɗauki na wannan ƙarshen da na wancan ka ajiye su kusa, kowa zai rantse jinsi biyu ne. Amma jera ɗarin duka a kan tebur daga siriri zuwa mai ƙiba, sai ka rasa inda za ka ja layi. Kowanne ya ɗan fi na kusa da shi kaɗan, babu giɓi.

S. S. Buckman ya lura da wannan tsari tun ƙarshen ƙarni na 19 a amonait na Ingila: ƙiba da buɗewar cibiya da ƙarfin ado tafiya ɗaya suke yi. Amma al'adar wancan zamani, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20, ita ce kowace siffa a ba ta suna. Shi ya sa amonait na Damargu da Gongola suka tara sunaye masu yawa. Da aka zo ana tarawa da yawa daga shimfiɗa ɗaya ana aunawa, sai sunayen suka riƙa haɗewa. J. Schöbel ya yi irin wannan aiki a kan na Damargu a 1975. Buɗe ramin Ashaka a ƙarshen shekarun 1970 ya ba da abin da rafi ba ya bayarwa, wato bango a tsaye mai tsabta, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Christian Meister ya wallafa nazarinsa kan amonait na wurin a 1989, P. M. P. Zaborski, wanda ya koyar a jami'o'in Nijeriya, ya biyo da jerin ayyuka a shekarun 1990. Ba su yarda da juna a kan kowane suna ba, amma hanyar ɗaya ce: a dubi jama'ar shimfiɗa gaba ɗaya, kada a yanke hukunci da mutum ɗaya.

Wannan ne ya fi burge ni a sana'ar. Ɗan koyo yana alfahari da yawan bambancin da idonsa ke gani. Gwani yana ganin su duka, har da waɗanda ɗan koyo bai gani ba, sannan ya san wanne ne ke da nauyi, wanne ne kawai ƙiba da rama a cikin gida ɗaya. Kuma idan dutsen ya gogu ko ya karye har hujja ba ta cika ba, ba ya tilasta masa suna. Yana rubuta cewa ya yi kama da wane, ya tsaya nan. Sanin inda ilimi ya ƙare yana cikin ilimin.

Daga ɓawo zuwa kalanda

Duk wannan wahala domin a san lokaci ake yin ta. William Smith, wanda ya fitar da taswirar duwatsun Ingila a 1815, shi ya nuna cewa kowace shimfiɗa tana da nata burbushin halittu, kuma jerinsu ba ya sauyawa. Albert Oppel na Jamus ya tace wannan tsakanin 1856 da 1858, ya raba wani dogon zamani zango-zango, yawancinsu da sunan amonait. Har yau a kan wannan tsari ake.

A arewa maso gabashin Nijeriya jerin a bayyane yake. A ƙasa akwai Nigericeras, bisansa Vascoceras cauvini, sai shimfiɗun da Thomasites gongilensis da Vascoceras masu ƙiba suka cika, sannan Pseudotissotia nigeriensis da Wrightoceras a sama. Wanda ya haddace wannan zai tsaya a bakin rafi a Pindiga ya ce wannan farin dutse shi ne daidai da shimfiɗa kaza a Ashaka.

Haɗa wannan jeri da na sauran duniya ya fi wuya, domin dangin Vascoceras 'yan ruwan ɗumi ne, ba su cika zuwa arewacin Turai ba, inda aka kafa ma'aunin. Shekaru da yawa ana ɗaukar dukkansu 'yan farkon zangon da ake kira Turoniya ne, har Barber ya sa hakan a sunan littafinsa na 1957. Abin da ake nema shi ne wurin da ɗan gida da baƙo suka kwanta a shimfiɗa ɗaya. A 1984 masana uku, Lewy da Kennedy da Chancellor, suka ba da labarin samun Vascoceras cauvini tare da Metoicoceras geslinianum a kudancin hamadar Nakab. Na biyun sananne ne a Turai da Amurka, kuma ɗan ƙarshen zangon Senomaniya ne, wanda ya gabaci Turoniya. Haka kuma an sami Thomasites gongilensis a kudancin Ingila, kusa da iyakar zangunan biyu. Da irin waɗannan haɗuwa aka gyara lissafi: ƙasan jerin Gombe da Damargu ya girmi yadda aka zata.

Lambar shekarun kuwa daga wani wuri take zuwa. Kusa da garin Pueblo a jihar Kolorado ta Amurka akwai shimfiɗun da duniya ta amince su ne ma'aunin farkon Turoniya, a daidai inda amonait Watinoceras devonense ta fara bayyana. Tsakanin shimfiɗun akwai tokar aman wuta, wadda ma'adinan cikinta ake iya auna shekarunsu a ɗakin gwaji, kuma awon ya ba da kimanin shekara miliyan 93.9. Na'ura ta auna wuri ɗaya. Mai karanta amonait ne ke ɗaukar wannan lamba daga nahiya zuwa nahiya, shimfiɗa bayan shimfiɗa, har ta iso Gongola.

Da aka jera wuraren da dangin suke a taswira, sai wata tsohuwar teku ta fito. A wancan lokaci duniya ta yi zafi, ruwan teku ya hau matsayin da ba kasafai ya kai ba a tarihi. Wani hannun teku marar zurfi ya taso daga arewa, daga tekun Tetis wadda Bahar Rum ta gada, ya ratsa inda Sahara take yau, ya bi ta Nijar ya shiga kwarin Binuwai, ya sadu da Atilantika, wadda a lokacin ƙarama ce tana kan buɗewa. Damargu da Gombe duk ƙarƙashin ruwa suke.

Ko a nan gwani yana taka-tsantsan. Ɓawo mai iska a ciki yana iya yawo a kan ruwa bayan dabbar ta mutu, kamar yadda ɓawon notilas ke kaiwa gaɓar da dabbar ba ta taɓa zama ba. Reyment ya yi nazari da gwaje-gwaje a kan wannan tun 1958. Don haka guda ɗaya da aka tsinta ba ta isa shaidar zama ba. Amma idan shimfiɗa ta cika da manya da ƙanana da jarirai na jinsi ɗaya, an san nan ne gidansu.

Gwajin da ya fi sauƙin ganewa yana Sakkwato. Farin dutsen Kalambaina ma siminti ake yi da shi, kuma shi ma teku ce ta ajiye shi. A ido, ɗan'uwan na Ashaka ne. Amma a cikinsa dangin notilas ake samu, babu amonait ko ɗaya, domin an shimfiɗa shi bayan sun ƙare. A ƙarƙashinsa, cikin shimfiɗun Dukamaje, akwai Libycoceras, ɗaya daga amonait na ƙarshen zamaninsu. Tsakanin dutsen Ashaka da na Kalambaina akwai fiye da shekara miliyan 30, kuma rashin abu ɗaya da samuwar wani ne suka fara faɗa.

Amfanin da ake ci

Wannan ba ilimin nishaɗi ba ne kawai. Masu neman man fetur, irin aikin da ake yi a Kolmani tsakanin Bauci da Gombe, dole su san wace shimfiɗa bakin injin haƙa yake ciki, wacce ce ke iya haifar da mai, wacce ke iya riƙe shi. Injin yana niƙe dutse, amonait ba ta fitowa da siffarta, don haka da ƙananan burbushin da sai da madubi ake gani suke aiki. Amma jerin waɗannan ƙananan a wurare da yawa da amonait aka daidaita shi, a bakin rafi da ramin haƙa inda duka biyun ke kwance tare. Mai neman farin dutse na siminti da mai zana taswirar ƙasa su ma a kan wannan kalanda suke tafiya.

Koyon sana'ar ba shi da gajeriyar hanya. Sai an riƙe ɗaruruwa a hannu, an kwafe zane an sake, an gwada da hotunan samfuran asali da aka kafa sunaye a kansu, waɗanda da yawa daga na Nijeriya suna ajiye a gidan tarihin halittu na Landan. Ɗaliban ilimin duwatsu na Zariya da Bauci da Maiduguri da Jos da Gombe da Yamai suna da abin da takwarorinsu na ƙasashe da yawa ba su da shi, wato shimfiɗun kansu a kusa da gida.

Darasin farko da ake ba su bai shafi suna ba. Kafin a ɗaga dutse daga inda yake, a rubuta wurin, a auna tsayin shimfiɗar daga wata sananniyar alama, a ba ta lamba, a rubuta lambar a jikin dutsen, a kuma bambanta wanda aka ciro daga bango da wanda aka tsinta ya gangaro. Tarihin dangin Vascoceras ya nuna dalili. An sauya musu sunaye, an haɗe jinsuna, an matsar da zamaninsu, kuma duk gyaran ya yiwu ne saboda wani ya rubuta daga ina kowanne ya fito. Kuskuren suna, na baya za su gyara shi ko bayan shekara 50. Dutsen da aka raba da shimfiɗarsa ba a rubuta ba kuwa, duk gwanintar duniya ba za ta mayar da shi wurinsa ba.